Atam ba shi da rai, to a ina rai ya shiga cikin sel?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin kimiyya ku taimaka mini, akwai abin da ya tsaya mini a rai tun da muka fara bayoloji da kemistri a tare. Malamin kemistri ya ce duk abin da ke duniya, dutse ne, ruwa ne, iska ce, har jikin mutum, da atam aka gina shi. Ita kuma malamar bayoloji ta ce mafi ƙanƙantar abu mai rai shi ne sel, wato ƙwayar halitta. Da na tambaye ta yadda maganganun biyu suka haɗu, sai ta ce ai sel ma da atam aka yi shi, in riƙe haka kawai saboda jarrabawa.

Na riƙe, amma ban gamsu ba. In atam ba shi da rai, kuma sel tarin atam ne kawai, to a wane mataki rai ya shigo? Atam nawa za a tara kafin a ce abu ya zama mai rai? Sannan shi molekul ina matsayinsa a tsakaninsu? Yau a ce ruwa molekul ne, gobe a ce kompawun ne, furotin ma a ce molekul ne alhali an ce ƙato ne. Kaina ya kulle. Duk wanda ya warware mini, Allah ya saka masa da alheri.

Ɗan Ajin Ƙarshe:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki wahalar da kanki, jeri ne kawai: atam, sai molekul, sai ƙananan sassan cikin sel, sai sel, sai tishu (tarin sel iri ɗaya masu aiki tare), sai gaɓa kamar zuciya ko hanta, sai cikakken jiki. Kemistri na kula da farkon jerin, bayoloji na kula da ƙarshensa.

Maganar ruwa kuwa, duka biyun ne. Molekul ne saboda atam ɗinsa a ɗaure suke da juna a matsayin ƙungiya guda, biyu na hayidirojin da ɗaya na oksijin. Kompawun ne saboda sinadarai iri biyu ne suka haɗu. Iskar oksijin da muke shaƙa molekul ce amma ba kompawun ba ce, don atam biyun iri ɗaya ne. Gishiri kuma kompawun ne amma ba molekul ba ne, don sodiyam da kulorin ɗinsa ba bibbiyu suke zaune ba, jere suke reras a cikin ƙwayar gishirin, mai caji na ƙari kusa da mai caji na ragi, har iya girman ƙwayar. Wannan ukun suna son fitowa a jarrabawa, ki riƙe su.

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam 'yata. Abin da ɗan'uwanki ya faɗa daidai ne, kuma zai ci miki maki. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba, don ke ba jerin kika nema ba. Na daɗe ina koyar da kemistri kafin in ajiye alli, kuma masu yin irin tambayarki ba su da yawa a aji, saboda haka ki yi haƙuri da tsawon amsata.

Mu fara da girma, domin a nan littattafai ke cutar yara. Za su zana atam a wannan shafi, su zana sel a wancan, duka biyun da'ira mai faɗin tafin hannu da ɗigo a tsakiya, sai yaro ya ɗauka sa'annin juna ne. Ɗauko rula ki dubi milimita ɗaya. In aka raba ta gida miliyan ɗaya, kowane kaso shi ne nanomita. Atam ɗin hayidirojin faɗinsa kusan nanomita 0.1 ne, wato sai kin jera miliyan 10 kafin su cike milimitar nan. Molekul ɗin ruwa bai kai nanomita 0.3 ba. Himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini, shi ma molekul ɗaya ne, amma atam ɗinsa sun haura 9,000, faɗinsa kuma nanomita 5 zuwa 6. To jar ƙwayar jini guda ɗaya, wadda tana cikin ƙananan sel na jiki, faɗinta nanomita 7,000 zuwa 8,000 ne, kuma tana ɗauke da himogulobin kusan miliyan 270. Kin ga amsar tambayarki ta furotin: ba girma ke sa abu ya zama molekul ba, ɗaurin da ke tsakanin atam ɗin ne. Kin kuma ga cewa ba yawan atam ke kawo rai ba, don da haka ne da tsakuwa ta fi kowane sel rai.

Ba kuma irin atam ɗin ba ne. Jadawalin sinadarai yana da 118 a yau, amma guda huɗu kacal, oksijin da kabon da hayidirojin da naitirojin, su ne kusan kashi 96 cikin 100 na nauyin jikinki. Kabon ɗin da ke jikinki shi ne dai na gawayi. Atam huɗu na ƙarfe da ke cikin kowane himogulobin ba su da bambanci da na ƙusa. Abin da ya ba kabon fifiko shi ne yana iya ƙulla ɗauri huɗu a lokaci guda, kuma yana ƙulluwa da ɗan'uwansa kabon, ya yi dogon zare ko zobe ko rassa. Da wannan halin aka samu sukari da kitse da furotin da DNA.

Kada ki ji kunyar ruɗewarki. Manyan masana na farkon ƙarni na 19 sun yi imani cewa sinadaran jikin mai rai suna da wani ƙarfi na musamman, ba za a iya haɗa su a kwalba ba. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, yana aiki da wani gishirin ɗakin gwaji mai suna amoniyam sayanet, sai ya samu yuriya, sinadarin da ƙoda ke fitarwa a fitsari. Har ya rubuta wa malaminsa Berzelius cewa yanzu yana iya yin yuriya ba tare da ƙodar mutum ko ta kare ba. Ba nan take aka bar tsohon ra'ayin ba. Masu shi suka ce to mun ji, sinadari an haɗa, amma aikin da sel ke yi sai da sel mai rai. Sai a 1897 Eduard Buchner ya niƙe yis da yashi har ƙwayoyin suka farfashe, ya matse ruwan, ya tace, ya zuba masa sukari. Ruwan nan da babu sel ko ɗaya mai rai a ciki ya shiga kumfa, yana fitar da iskar kabon dayoksaid da barasa, kamar yadda yis mai rai ke yi. Abin da ke yin aikin molekul ne, su ne muke kira enzayim. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1907. Ni a ganina gwajin Buchner ya fi na Wöhler amfani ga ɗalibi, amma shi ne littattafan sakandare suka fi tsallakewa.

To me ya rage? Ki yi tunanin sel biyu, ɗaya mai rai, ɗaya ya mutu daƙiƙa guda da ta wuce. In kika auna su, atam ɗinsu ɗaya ne, nauyinsu ɗaya ne. Bambancin yana cikin abin da ɗayan ke yi wanda ɗayan ya daina. Abu uku nakan sa ɗalibaina su nema. Na farko, tantani: siririyar fata ta kitse, kaurinta bai kai nanomita 10 ba, wadda ta raba ciki da waje, take zaɓar abin da zai shiga. Na biyu, samun kuzari da kashe shi ba tsayawa. Na uku, ajiye bayanin ginin kai a cikin DNA da iya kwafarsa.

Bari in tsaya a kan na biyun, don shi ne wanda ake rainawa. A cikin sel ɗinki potasiyam ya yi yawa, sodiyam ya yi kaɗan, a wajensa kuma akasin haka. Wannan ba zaman da sinadarai ke so ba ne. In aka bar su, kowanne zai sulale daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan har ko'ina ya daidaita. Abin da ke hana haka wani furotin ne a jikin tantanin, wanda Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano a 1957. Famfo ne: kowane zagaye yana fitar da sodiyam 3, ya shigo da potasiyam 2, ya kashe molekul ɗaya na ATP, wanda shi ne kuzarin da sel ke samu daga ƙona sukari. Dare da rana yake wannan aiki, ko kina barci. Da wannan bambancin na ciki da waje jijiya ke aika saƙo, zuciya ke bugawa. Gubar sayanaid ba ta cire atam ko ɗaya daga jiki. Enzayim guda take toshewa a cikin mitokondiriya, sashen sel inda ake amfani da oksijin wajen yin ATP. ATP ya ƙare, famfo ya tsaya, ciki da waje suka daidaita, shi ke nan.

Ki dubi harshen wutar kyandir. Siffarsa tana nan yadda take, amma kakin da iskar da ke cikinsa yanzu ba su ne na ɗazu ba, shiga suke suna fita. In kika tambaye ni a wane atam wutar take, ba ni da wanda zan nuna miki. Haka sel yake, sai dai shi yana gyara kansa, yana kuma haifar irinsa.

Ki lura, ba maganar ruhi nake ba. Wannan sanin yana wajen Allah, kuma ba abin da ake ɗorawa a ma'auni ba ne. Ina magana ne a kan abin da bayoloji ke nufi idan ta ce sel na da rai, wanda ya haɗa da na ganye da na bakteriya.

Mai Neman Sani:

Allah ya ƙara girma Malam, ya jiƙan mahaifa. Maganar sel biyun nan ta buɗe mini ido. Amma akwai saura. In atam ɗin duk iri ɗaya ne a jikin kowa, me ya sa ake cewa ɗan canji kaɗan a DNA yana iya kawo ciwo? An ce mana sikila haka take. Ta yaya abin da bai kai nanomita ba zai kwantar da mutum sukutum?

Anti Mai Gwajin Jini:

Malam, a yi mini izini in amsa wannan, don aikina ke nan a ɗakin gwaji.

Ƙanwata, furotin zare ne da aka jera da ƙananan molekul masu suna amino asid, iri 20. Himogulobin zare huɗu ne a naɗe tare, biyu ana ce musu alfa, biyu bita. Zaren bita yana da amino asid 146. A mai sikila 145 suna nan daidai, na shida ne kawai ya canza. Inda ya kamata a samu gulutamik asid, sai aka samu balin. A cikin DNA kuwa harafi ɗaya ne, GAG ya koma GTG.

Yanzu ga inda kemistrinki zai yi miki rana. Gulutamik asid yana da caji na ragi, saboda haka yana jituwa da ruwa. Balin ba shi da caji, gudun ruwa yake yi kamar yadda mai ke yi. Gurbi na shidan nan kuma a bayan furotin yake, yana fuskantar ruwan cikin sel. Idan himogulobin ya sauke oksijin ɗinsa, siffarsa takan ɗan sauya, wani ɗan lungu mai gudun ruwa ya bayyana a jikinsa. Sai balin na wannan molekul ya shige lungun na kusa da shi, na kusan ya kama na gaba, har su yi dogayen sanduna masu tauri a cikin ƙwayar. Ki tuna miliyan 270 da Malam ya ambata. Canjin ɗaya ne, amma an maimaita shi a kowanne.

Da idona nake ganin wannan. Mukan ɗiga jini kaɗan a gilashi, mu haɗa da ɗigon sodiyam metabaisalfait wanda ke janye oksijin, mu rufe da siririn gilashi, mu toshe gefunan da man shafawa don kada iska ta shiga. Da farko in kin leƙa madubin likita, ƙwayoyin kewayayyu ne, tsakiyarsu ta ɗan lotsa har ta fi gefe haske. Bayan ɗan lokaci sai ki ga gefensu ya fara yamutsewa, wasu sun yi ƙaho biyu, wasu sun lanƙwashe sun yi tsini. Lafiyayyar ƙwaya takan matse jikinta ta wuce ta hanyar jini da ta fi ta ƙanƙanta. Wadda ta sandare ba za ta iya ba, sai ta toshe hanya, naman da ke gaba ya rasa oksijin, ciwo ya tashi. Ga shi ba ta daɗewa: kwana 10 zuwa 20 maimakon kusan 120, shi ya sa jini ke ƙaranci.

Ko gwajin da ke ba mutum AA ko AS ko SS, cajin nan muke bi. Ana sa himogulobin a takarda mai jiƙe da ruwan gwaji, a kunna lantarki. Na A, wato lafiyayyen, yana da cajin ragi fiye da na S, wato na sikila, sai ya riga shi gudu zuwa ɓangaren ƙari. Mai AS sai ki ga layi biyu. Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka fara nuna wannan bambancin a 1949, sannan Vernon Ingram ya gano ainihin amino asid ɗin da ya canza tsakanin 1956 da 1957.

Malam, famfonka ma muna ganin aikinsa. Jinin da ake ajiyewa don ƙarin jini a firiji yake zama, a sanyin digiri 2 zuwa 6. Sanyi yana rage wa famfon ƙarfi, sai potasiyam ya riƙa tsiyayowa daga ƙwayoyin zuwa ruwan ledar, kullum yana ƙaruwa. Shi ya sa jariri ake nema masa jinin da bai daɗe a ajiye ba.

Ɗan Ajin Ƙarshe:

Malam, tuba nake, amma ina da ja. Ka ce abu uku: tantani, kuzari, DNA. To ita jar ƙwayar jinin da ake ta misali da ita ai ba ta da nukiliyas, wato cibiyar sel da ke ajiye DNA, ba ta da DNA, ba ta rabuwa biyu. Matacciya ce ke nan? Shi kuma bairas yana da DNA ko ɗan'uwansa RNA, yana yaɗuwa kamar me, amma littafinmu ya ƙi sa shi cikin masu rai kai tsaye. Ya ke nan?

Tsohon Malami:

Madalla da 'yata mai gwajin jini, na ƙaru da maganar firijin nan. Kai kuma ɗana, ja irin wannan shi ake so, ba sai ka tuba ba.

Jar ƙwayar jini da nukiliyas aka haife ta. A cikin ɓargo take tasowa daga sel cikakke mai DNA mai rabuwa. Sai da ta gama cika cikinta da himogulobin sannan ta tofar da nukiliyas ɗin, ta zubar da mitokondiriya, don ta samu wuri da laushin jiki. Bayan haka tantaninta na nan, tana cin sukari ta hanyar da ba ta buƙatar oksijin, famfonta na aiki. Abin da ta rasa shi ne yin sabon furotin, saboda haka duk abin da ya lalace a jikinta ya lalace ke nan, har saifa ta tsince ta bayan kwana 120 ɗin nan. Ɓargo kuma yana fitar da sababbi sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Ni ina lissafa ta cikin masu rai, mai rai da ba za ta haihu ba. Wannan kuma halin dabbobi masu shayarwa ne. Ta tsuntsu da ta kwaɗo da ta kifi suna riƙe da nukiliyas ɗinsu.

Bairas shi ne mai wuyar sha'ani. Yana da na uku, ba shi da na biyu ko kaɗan. Ba ya cin komai, ba ya yin ATP, ba shi da ribosom da zai ƙera furotin. Bayani ne a naɗe cikin rigar furotin, wani da mayafin kitse da ya yago daga sel ɗin da ya fito. A 1935 Wendell Stanley a Amurka ya tace bairas ɗin da ke kama ganyen taba har ya zama ƙanƙara-ƙanƙara kamar sauran sinadarai na kwalba, kuma da aka narkar da shi aka shafa wa ganye, ya kama. Sai ya shiga sel yake yaɗuwa, kuma ko a nan sel ɗin ne ke yin aikin da kayansa da kuzarinsa. Masana sun rabu a kansa har yau. Ni ina tare da masu cewa ba mai rai ba ne, amma ba na faɗa da wanda ya ce yana kan iyaka. A jarrabawa ka kawo siffofin ɓangaren biyu, shi mai duba takarda yake nema.

Kuma bambancin ba na aji kaɗai ba ne. Bakteriya cikakken sel ce, tana da bango a bayan tantaninta, kuma dole ta riƙa gina shi duk lokacin da za ta girma ta rabu. Fenisilin enzayim ɗin da ke ɗinke bangon yake toshewa, sai ruwa ya yi ta shiga har ta fashe. Sel ɗin mutum ba shi da irin wannan bango, shi ya sa maganin bai fasa namu. Bairas ma ba shi da shi, ba shi kuma da enzayim ɗin, saboda haka mai murar da bairas ya kawo ko ya shanye kwalin fenisilin, maganin ba zai samu abin da zai kama ba.